Yadda Ake Hanzarta Lissafin a^e mod n Idan Lambobin Manya Ne

Lissafin a baki ba shi da wuya: a ɗauki lamba a, a yi ta ninka ta da kanta har sau e, a raba sakamakon da n, a riƙe abin da ya saura, wanda shi ake rubutawa a^e mod n. A kansa aka gina musayar mabuɗi ta Diffie da Hellman ta 1976, da tsarin RSA na 1977, da gwajin Miller da Rabin na gano lambar firam, wato wadda babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Har katin banki da ake zurawa a na'urar POS yana ɗauke da sa hannun RSA da ake tantancewa da shi. Wahalar tana cikin girman lambobin. Mabuɗin RSA na yau da kullum bit 2048 ne, lamba mai alƙaluma 617 ke nan idan an rubuta ta yadda muka saba.

A nan za mu kira a tushe, e ƙarfi, n kuma ma'auni. Wurare uku ake samun sauri: a rage yawan ninkawar da za a yi, a rage tsadar kowace ninkawa, a kuma rage girman lambobin kansu. Bi su a jere, domin ribar na farko ta fi ta sauran nesa ba kusa ba.

Kafin ka rubuta komai, duba abin da harshenka ya tanada

A Python akwai `pow(a, e, n)`. Ba ɗaya yake da `a**e % n` ba, ko da yake amsarsu ɗaya ce: na biyun sai ya gina lambar a^e gaba ɗayanta kafin ya raba, kuma da ƙarfi mai bit 2048 babu ma'adanar da za ta ɗauke ta. Java tana da `BigInteger.modPow`, Go tana da `Exp` a cikin `math/big`, C# tana da `BigInteger.ModPow`. A C ana amfani da `mpz_powm` na laburaren GMP ko `BN_mod_exp` na laburaren OpenSSL, kuma mai Python zai iya kaiwa ga GMP ta hanyar `gmpy2.powmod`, wanda yawanci ya fi `pow` sauri a kan manyan lambobi. `BigInt` na JavaScript ne bai zo da wannan aiki ba, sai ka rubuta ko ka ɗauko laburare.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ishe ka, tsaya nan. Sauran bayanin na wanda ke aiki a kan ƙaramar na'ura ne, ko wanda yake son sanin dalilin da kod ɗinsa ke jan ƙafa.

Mataki na 1: ninkin-kai da ragewa a kowane zagaye

Dokoki biyu ne. Ta farko, a rage da n bayan kowace ninkawa, kada a jira ƙarshe, ta yadda babu lambar da za ta wuce n² a hanya. Ta biyu, a rubuta e da bit, wato da alƙaluman 0 da 1 kawai, a bi su daga hagu zuwa dama: a kowane bit a ninka sakamako da kansa, idan bit ɗin 1 ne a ƙara ninka shi da tushe.

Ɗauki 7^13 mod 23. Lamba 13 a bit ita ce 1101. Bit na farko ya ba mu 7. Na biyu 1 ne: 7 × 7 = 49, saura 3, sannan 3 × 7 = 21. Na uku 0 ne: 21 × 21 = 441, saura 4, ba ƙari. Na huɗu 1 ne: 4 × 4 = 16, sannan 16 × 7 = 112, saura 20. Amsa 20, da ninkawa biyar, kuma babbar lambar da muka gani ita ce 441, alhali 7^13 cikakkiya ta kai 96,889,010,407.

```python
def karfi(a, e, n):
    a %= n
    r = 1 % n
    for i in range(e.bit_length() - 1, -1, -1):
        r = r * r % n
        if (e >> i) & 1:
            r = r * a % n
    return r
```

Da ƙarfi mai bit 2048 za a yi ninkin-kai kusan 2047, da ninkawa da tushe kusan 1024, tunda rabin bit ɗin a ƙiyasi 1 ne. Jimla kusan 3071. Wannan ne ma'aunin da za mu riƙa gwada duk wata dabara da shi.

An fi son bi daga hagu saboda abin da ake ninkawa da shi koyaushe tushe ne, ba ya canjawa. Idan tushen ƙarami ne, kamar 2 a gwajin firam, wannan ninkawa kusan kyauta ce, tura bit gefe ne kawai da ragewa ɗaya. Dalilin da ya sa mabuɗin fili na RSA ya yawaita zama 65537 ma yana nan: 2^16 + 1 ne, bit 17 masu 1 guda biyu kacal, ninkin-kai 16 da ninkawa ɗaya sun gama aiki. Shi ya sa tantance sa hannu yake da arha ƙwarai idan an kwatanta da yin sa hannun.

Kuskuren da aka fi yi a C da Java shi ne rubuta `r * r % n` da lamba mai bit 64. Muddin n ya wuce 2^32, ninkin zai iya yin ambaliya, saman lambar ya zube, amsa ta fito ba daidai ba kuma babu wani gargaɗi. A GCC da Clang maganin shi ne `unsigned __int128`.

Mataki na 2: taga

Ninkin-kai 2047 ɗin nan babu yadda za a yi da su idan tushe yana canjawa. Amma ninkawa 1024 ɗin ana iya zaftare su. Maimakon a duba bit ɗaya-ɗaya, sai a duba guda w a tare, a tanadi jadawalin a², a³, har zuwa a^(2^w − 1) tun farko, sannan a yi ninkawa ɗaya ga kowane rukuni.

Taga iri biyu ce. Mai tsayayyen faɗi tana yanka e gunduwa-gunduwa daidai wa daida. Da w = 5 jadawali zai ci ninkawa 30, zagayen kuma 410, jimla 440. Da w = 6 jimla 404 ne, da w = 7 kuwa ta koma 419, domin gina jadawalin ya fara cinye ribar.

Taga mai zamewa ta fi wayo. Tana tsallake sifili da ninkin-kai kawai, ba ta buɗewa sai a kan 1, kuma tana rufewa a kan 1. Tunda kowace taga tana ƙarewa da 1, ƙarfin da ake buƙata a jadawali na mara ne kaɗai: a, a³, a⁵ da sauransu, rabin girman na farko ke nan. Misali e = 1415, wato 10110000111, da w = 3 zai rabu haka: 101, sai 1, sai sifili huɗu, sai 111. Ninkawa uku maimakon shida.

```python
def taga(a, e, n, w=5):
    a %= n
    a2 = a * a % n
    jadawali = [a]
    for _ in range((1 << (w - 1)) - 1):
        jadawali.append(jadawali[-1] * a2 % n)
    r = 1 % n
    i = e.bit_length() - 1
    while i >= 0:
        if not (e >> i) & 1:
            r = r * r % n
            i -= 1
            continue
        j = max(i - w + 1, 0)
        while not (e >> j) & 1:
            j += 1
        u = (e >> j) & ((1 << (i - j + 1)) - 1)
        for _ in range(i - j + 1):
            r = r * r % n
        r = r * jadawali[u >> 1] % n
        i = j - 1
    return r
```

A ƙiyasi tana yin ninkawa ɗaya a kowane bit w + 1. Ga bit 2048, w = 5 zai ba da kusan 357 har da jadawali, w = 6 kusan 325, w = 7 kusan 320. Bambancin 6 da 7 ninkawa biyar ne, amma jadawalin ya tashi daga kilobait 8 zuwa 16, kuma hakan na iya cunkushe ma'ajiyar kusa ta furosesa har ribar ta koma hasara. Shida dai ya isa. Jimlar aiki ta sauko daga 3071 zuwa kusan 2370, ragin kusan kashi 23 cikin ɗari. OpenSSL yana zaɓar faɗin taga gwargwadon tsawon e: 6 idan ya wuce bit 671, 5 idan ya wuce 239, 4 idan ya wuce 79, 3 idan ya wuce 23. Ga 65537 taga ɓata lokaci ce.

A lura, wannan kod na Python don fahimta ne. Ba zai doke `pow` ba, domin shi ma `pow` yana amfani da taga a cikinsa idan ƙarfin babba ne, kuma da C aka rubuta shi.

Mataki na 3: kawar da rabawa da dabarar Montgomery

Yanzu sai tsadar kowace ninkawa. Lamba mai bit 2048 ana ajiye ta a gaɓoɓi 32 masu bit 64 kowace. Ninka biyu irin wannan ta hanyar makaranta yana cin ƙananan ninkawa 32 × 32 = 1024. Alamar `%` ce ke ɓoye babban nauyi: doguwar rabawa tana buƙatar a yi hasashen kowace gaɓar amsa, a gwada, wani lokaci a gyara, kuma umarnin rabawa na furosesa ya fi na ninkawa jinkiri sosai.

A 1985 Peter Montgomery ya wallafa hanyar da ke maye gurbin rabawa da n da rabawa da wata lamba R mai sauƙi. A kwamfuta R ƙarfin 2 ce, don haka raba ta jefar da gaɓoɓin ƙasa ne kawai. Sharaɗin shi ne R ta fi n girma kuma kada su haɗa mai raba su, wato dole n ta zama mara. Tunanin kamar na mai shago ne da ba shi da canji, ya ce ka ƙara kaya har kuɗin su cika ɗari cif: ana ƙara wa lambar wani ninkin n, wanda ba ya canja saurarta, har ƙasanta ya zama sifili, sai a yanke shi.

Bari mu gani da R = 100 don ido ya iya bi. A ce n = 97, ana son 43 × 56 mod 97.

Da farko a nemo n′, lambar da idan an ninka ta da n aka ƙara 1, R za ta raba. Tunda 97 × 67 = 6499, n′ = 67. Sannan a shigar da lambobin cikin siffar Montgomery ta hanyar ninka su da R: 4300 mod 97 = 32, 5600 mod 97 = 71. A ninka su: T = 32 × 71 = 2272. A ɗauki alƙaluma biyu na ƙasa, 72, a ninka da 67, a riƙe biyun ƙasa: 4824 ya ba da m = 24. A ƙara m × n: 2272 + 2328 = 4600. Ga sifili biyu sun fito, a yanke su, saura 46. Wannan 46 ita ce amsa a siffar Montgomery. Don fita, a maimaita ragewar a kan 46 ita kaɗai: 46 × 67 = 3082, m = 82, sai 46 + 7954 = 8000, a yanke, saura 80. Kuma lallai 43 × 56 = 2408, saurarsa da 97 ita ce 80.

Shiga da fita suna da tsada, don haka dabarar ba ta da amfani ga ninkawa ɗaya. Ga dubu biyu da ɗoriya kuwa, sau ɗaya ake shiga, sau ɗaya ake fita.

A kod na gaske ana ragewa gaɓa-gaɓa, ana cuɗa ta da ninkawar. Tsarin da aka fi bi shi ne wanda Koç, Acar da Kaliski suka kira CIOS a 1996:

```c
typedef unsigned __int128 u128;

void mont(uint64_t *t, const uint64_t *a, const uint64_t *b,
          const uint64_t *n, uint64_t n0, int s) {
    memset(t, 0, (s + 2) * 8);
    for (int i = 0; i < s; i++) {
        u128 c = 0;
        for (int j = 0; j < s; j++) {
            c += (u128)a[j] * b[i] + t[j];
            t[j] = (uint64_t)c;  c >>= 64;
        }
        c += t[s];
        t[s] = (uint64_t)c;  t[s + 1] = (uint64_t)(c >> 64);

        uint64_t m = t[0] * n0;
        c = ((u128)m * n[0] + t[0]) >> 64;
        for (int j = 1; j < s; j++) {
            c += (u128)m * n[j] + t[j];
            t[j - 1] = (uint64_t)c;  c >>= 64;
        }
        c += t[s];
        t[s - 1] = (uint64_t)c;
        t[s] = t[s + 1] + (uint64_t)(c >> 64);
    }
    /* saura: idan t >= n, a debe n sau daya */
}
```

Aikin yana cin ƙananan ninkawa 2s² + s, wato 2080 ga gaɓoɓi 32, ba rabawa ko ɗaya. Kada ka ji tsoron ambaliya a `c`: mafi girman abin da zai shiga shi ne (2^64 − 1)² da ƙarin 2^64 − 1 sau biyu, wanda ya yi daidai da 2^128 − 1, ya cika ma'aunin ba tare da ya zube ba. Dole `t` ya zama wuri dabam da `a` da `b`, mai gaɓoɓi s + 2.

Lambar `n0` ita ce n′ ta gaɓar ƙasa kaɗai, ba a buƙatar ta dukan n. Ana samunta da hanyar Newton: a fara da x = n[0], wanda ga kowace lambar mara daidai yake a bit 3 na ƙasa, a maimaita `x *= 2 - n[0] * x` sau biyar. Bit ɗin da ke daidai suna ninkuwa, 6, 12, 24, 48, 96, sun wuce 64. Sai a ɗauki `n0 = -x`. Don shigar da lamba, a lissafa R² mod n sau ɗaya a ajiye tare da mabuɗi, sannan `mont(a, R²)` zai ba da aR mod n. Don fita, `mont(x, 1)`.

Wurare uku ake yawan tuntuɓe. Na ɗaya, fara sakamako da 1 zalla, alhali 1 a siffar Montgomery ita ce R mod n. Na biyu, ba da n mai cika: Newton ba zai samo komai ba, amsa ta zama shirme ba tare da kuka ba, don haka a duba bit ɗin ƙasa tun a ƙofa. Na uku ya fi su ɓuya: mantawa da `t[s]` wajen ɗebewar ƙarshe. Sakamakon na iya kaiwa kusan 2n, kuma idan bit ɗin saman n 1 ne, 2n ba ta shiga gaɓoɓi s. Gwaji da ƙananan lambobi ba zai taɓa nuna wannan ba, amma ma'aunin RSA mai bit 2048 koyaushe bit ɗin samansa 1 ne.

Idan n mai cika ce, akwai hanyar Paul Barrett ta 1986. A tanadi μ = 4^k ÷ n ba tare da saura ba, inda k shi ne tsawon n a bit. Ga kowace x, a ninka ta da μ, a tura bit 2k dama don samun hasashen amsar rabawa q, a ɗebe q × n daga x, a gyara da ɗebe n sau ɗaya ko biyu. Ba ta buƙatar shiga da fita. Idan kuma kai ke zaɓar n, lamba irin 2^255 − 19 ko 2^521 − 1 ta fi duka: a ta biyun, a yanka x a bit na 521, a tara saman da ƙasan, a ɗebe n idan jimlar ta kai ta, shi ke nan.

Mataki na 4: ninkin-kai ya samu nasa kod

Sama da kashi 85 cikin ɗari na aikin da ya rage bayan taga ninkin-kai ne. A ninkin-kai, a[i] × a[j] da a[j] × a[i] abu ɗaya ne, sai a lissafa sau ɗaya a ninka biyu. Ƙananan ninkawa sun sauko daga 1024 zuwa 528 a gaɓoɓi 32. Ɓangaren ragewa bai canja ba, don haka jimlar ta sauko daga kusan 2080 zuwa kusan 1580. Hattara da ninka biyun: yana iya fitar da bit na 129, sai a tara dukan giciyen tukuna, a tura jerin gaba ɗaya bit ɗaya hagu, sannan a ƙara a[i]².

Dabarar Karatsuba, mai yin ninkawa uku a madadin huɗu, tana fara biya ne daga gaɓoɓi ashirin zuwa talatin da wani abu, ya danganta da na'ura. A girman RSA ribarta kaɗan ce, wani lokaci ma babu. Abin da ya fi tasiri shi ne umarnin furosesa irin `mulx`, `adcx` da `adox`, masu ba da damar tafiyar da layin riƙo biyu a lokaci ɗaya, kuma GMP da OpenSSL sun riga sun rubuta su da hannu. Kar kuma a nemi sabon wuri a ma'adana a cikin zagaye. A ware komai tun kafin a fara.

Mataki na 5: raba aikin gida biyu idan ka san p da q

Tsadar lissafin tana tafiya da tsawon e sau murabba'in gaɓoɓi. Idan an ninka girman mabuɗi biyu, aiki ya ninku kusan takwas. Haka nan idan an raba shi biyu, ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin takwas. Mai mabuɗin sirri na RSA ya san n = p × q, inda p da q lambobin firam ne, don haka zai iya yin lissafi biyu masu rabin girma ya haɗa su da ƙa'idar saura ta Sin. Biyu cikin takwas kwata ke nan: sauri kusan ninki huɗu a takarda, a aikace tsakanin uku da huɗu.

A nan d ne ƙarfin sirri, e kuma na fili. Ana tanadar dp = d mod (p − 1), dq = d mod (q − 1), da qinv, lambar da idan an ninka ta da q aka raba da p saura 1 ce, wato kishiyar q a ma'aunin p. A Python daga 3.8 ana samunta da `pow(q, -1, p)`. Gwada da p = 23, q = 17, n = 391, e = 3, d = 235. To dp = 15, dq = 11, qinv = 19. Saƙo 100 idan an rufe shi ya zama c = 213. Sai m1 = 213^15 mod 23 = 8, m2 = 213^11 mod 17 = 15. Sannan h = 19 × (8 − 15) mod 23. A nan ɗebewar ta faɗa ƙasa da sifili; Python zai gyara da kansa, C ba zai gyara ba, sai ka ƙara p: 16 × 19 = 304, saura 5. Amsa m2 + h × q = 15 + 85 = 100.

Wannan sauri yana da haɗarin da Boneh, DeMillo da Lipton suka bayyana a 1997. A ce wuta ta yi rawa, ko kuskuren riƙo irin na `t[s]` ya sa m1 ya fito 9 maimakon 8. Sakamakon zai zama 32. Duk wanda ya ga 32 zai ɗaga ta zuwa ƙarfi 3 mod 391, ya sami 315, ya ɗebe 213, saura 102. Babban mai raba 102 da 391 shi ne 17. Mabuɗin ya tonu da amsa ɗaya tak marar kyau. Saboda haka kafin a fitar da sa hannu, a ɗaga shi zuwa e a tabbatar ya dawo da abin da aka sa wa hannu. Da 65537 ninkawa 17 ce kawai.

Idan tushe ba ya canjawa, ko ana son ƙarfi biyu a tare

A Diffie da Hellman tushe g ɗaya ne kullum. Sai a tanadi g, g^(2^w), g^(2^2w) da sauransu sau ɗaya a ajiye, ninkin-kai ya fita daga lissafin gaba ɗaya. Ga bit 2048 da w = 5, lambobi 410 za a ajiye, kusan kilobait 105, kowane lissafi kuma ya ci ninkawa ƙasa da 450 maimakon 2370. Tsarin Lim da Lee na 1994 yana ba da damar daidaita girman jadawali da saurin da ake so. Idan kuwa g^x × h^y ake nema, kamar a tantance sa hannun DSA, kada a yi su dabam-dabam. A tanadi g × h, a bi bit ɗin x da y tare, ninkin-kai ɗaya ya yi wa duka biyun aiki.

Idan ƙarfin sirri ne

Nan ne sauri ke haifar nawa. Layin `if (e >> i) & 1` yana sa lokacin aiki ya dogara da bit ɗin mabuɗi. Paul Kocher ya nuna a 1996 cewa auna lokaci kawai na iya fitar da mabuɗi, Brumley da Boneh kuma suka yi hakan a kan OpenSSL ta hanyar sadarwa a 2003, suna bin sawun ɗebewar ƙarshe ta Montgomery da sauyawa tsakanin Karatsuba da ninkawar makaranta. A 2005 Colin Percival ya nuna cewa wace gaɓar jadawali aka karanta ma tana barin sawu a ma'ajiyar kusa, a 2017 kuma aka fasa RSA mai bit 1024 na Libgcrypt ta hanyar tsarin tagarsa mai zamewa.

Don haka ga d, dp, dq ko sirrin Diffie da Hellman, a bar taga mai zamewa, a koma mai tsayayyen faɗi, a yi ninkawa ko da tagar sifili ce. A karanta dukan jadawalin kowane zagaye, a zaɓi wadda ake so da abin rufe bit, ba da lambar wuri ba. A yi ɗebewar ƙarshe koyaushe, a zaɓi sakamako ba tare da `if` ba. Yawan zagaye ya bi tsawon ma'auni, ba tsawon e ba. A kuma lulluɓe saƙon: a zaɓi r ta ka-cici-ka-cici, a ninka c da r^e kafin lissafi, a ninka amsa da kishiyar r bayansa. GMP yana da `mpz_powm_sec`, mai buƙatar ma'auni mara da ƙarfi sama da sifili, OpenSSL kuma `BN_mod_exp_mont_consttime`. `pow` na Python da `Exp` na `math/big` ba su yi alkawarin daidaiton lokaci ba. Ko kod ɗinka na C ya yi kyau a ido, manhajar harhaɗawa na iya mayar da abin rufe bit zuwa reshe don neman sauri, sai an duba abin da ta fitar.

Gwaji da aunawa

Kwatanta amsarka da ta `pow` ko GMP a kan dubban lambobin da aka zaɓa barkatai, amma kada ka tsaya nan, domin kuskuren riƙo ba ya son fitowa a irin waɗannan. Gina lambobi da gangan: gaɓoɓin da duk bit ɗinsu 1 ne, gaɓoɓin sifili a tsakiya, n = R − 1, a = n − 1, a da ta fi n, a = 0, e = 0, e = 1, da n = 1 wadda amsarta dole ta zama 0. Gwajin da ba ya buƙatar wani laburare shi ne na Fermat: 2^127 − 1 da 2^521 − 1 firam ne, don haka 3^(p − 1) mod p dole ya ba da 1.

Wajen auna lokaci, yi amfani da ƙarfi mai cikakken tsawo, ba 65537 ba, ka maimaita sau ɗaruruwa, ka ɗauki na tsakiya ko mafi ƙanƙanta. Ware lokacin shiri, wato R² mod n da `n0`, daga lokacin zagaye, tunda idan mabuɗi ɗaya ake ta amfani da shi sau ɗaya za a biya shi. Umarnin `openssl speed rsa2048` zai nuna maka sa hannu nawa da tantancewa nawa na'urarka ke yi a daƙiƙa. Idan naka ya ninka nasa jinkiri sau biyu ko uku da C zalla, kana kan hanya. Idan ya kai sau ashirin, duba ko `%` ko neman ma'adana sun saura a cikin zagaye, ko kuma an manta da `-O2` wajen harhaɗawa.